Tsiron da Ke Zaune a Kan Litiyam: Sharhi Kan Taƙaddamar Bakwit ɗin Tiehm a Nevada

A watan Disamba na 2022, gwamnatin Amurka ta saka wani ɗan ƙaramin tsiro na jihar Nevada cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa daga doron ƙasa, ta kuma keɓe masa fili da ta ce ba zai rayu ba sai da shi. Kafin a cika shekara biyu, a watan Oktoba na 2024, wannan gwamnatin ce dai ta amince wa wani kamfanin Ostireliya mai suna Ioneer ya haƙa katafaren rami a gefen tsiron domin ciro litiyam da boron, sannan a Janairun 2025 ta kammala yarjejeniyar ba shi rancen dala miliyan 996. Wanda ya ji labaran nan a jere dole ya tambaya yadda hannu ɗaya zai ba da kariya, ɗayan kuma ya ba da izinin tono a wuri guda. Ba a gane amsar sai an san halin tsiron, an san abin da doka ta haramta da abin da ta bar wa jami'ai su yanke, sannan an gane cewa ɓangarorin da ke ja-in-ja ba abu ɗaya suke nufi ba idan suka ce za su ceci tsiron.

Wane irin tsiro ne

Masana tsirrai suna kiransa Eriogonum tiehmii, mutanen yankin kuma suna ce masa bakwit ɗin Tiehm, da sunan Arnold Tiehm, masanin da ya fara cin karo da shi a 1983. Bayan shekara biyu, a 1985, James Reveal ya bayyana shi a rubuce a matsayin sabon nau'i. Sunan bakwit yana iya ruɗar mai karatu, domin akwai bakwit na noma wanda ake cin ƙwayarsa a Rasha, ake kuma yin taliya da garinsa a Japan. Danginsu ɗaya da wannan, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Bakwit na daji rukuni ne mai nau'i kusan 250 a Arewacin Amurka, galibinsu a busassun wurare na yamma, kuma na Tiehm ba a nomansa, ba a cinsa, ba a san shi da wani amfani na kasuwa ba.

Wanda ya tsaya a kansa zai ga curin ƙananan ganyaye masu launin toka-toka da ɗan shuɗi, a manne da ƙasa kamar an kifa faifai. A watannin Mayu da Yuni sai siraran karare su fito daga curin, tsawonsu bai fi taƙi ba, kowanne da dunƙulen fure mai ruwan ɗorawa a kansa, wanda ke komawa ja-ja idan ya tsufa. Tsiro ne mai daɗewa, ba ya mutuwa da wucewar damina kamar ciyawa, yana da saiwa mai ƙarfi da ke riƙe shi a shekarun fari.

Abin da ya sa ya zama abin magana shi ne ƙarancin wurin da yake fitowa. Duk duniya ba a same shi a ko'ina ba sai a tudun Rhyolite Ridge, cikin tsaunukan Silver Peak na gundumar Esmeralda, a tsayin mita 1,800 zuwa 1,900 daga doron teku. A can ma ba ya bazu ba ne: yana cikin gungu takwas, waɗanda idan aka haɗa faɗinsu bai wuce eka goma ba, wato hekta huɗu, abin da bai cika filin ƙwallo shida ba. Wannan shi ne abin da masana ke nufi idan suka ce halitta ta keɓanta da wuri guda. Irin wannan halitta ba ta da 'yan'uwa a wani kwarin ko wata ƙasa da za a ɗebo idan masifa ta faɗa wa na nan, don haka gobara ɗaya ko fari ɗaya mai tsanani yana iya shafar nau'in baki ɗayansa.

Abin da ke ƙarƙashinsa

Ƙasar da tsiron ya zaɓa farar ƙasa ce mai yumɓu, wadda yawancin tsirrai ba sa iya zama a kanta. Miliyoyin shekaru da suka wuce wurin tafki ne, tokar duwatsu masu aman wuta tana zuba cikinsa, kuma lakar da ta kwanta a ƙasan tafkin ta tara litiyam da boron. Inda wannan tsohuwar laka ta ɓullo fili, nan ne tsiron yake. Ke nan ba haɗari ne ya haɗa shi da mahaƙar ba, domin ƙasar da ta raine shi ita ce ainihin dukiyar da ake nema.

Litiyam shi ne ƙashin bayan batiran wayar hannu, da na kwamfutar tafi-da-gidanka, da na motoci masu aiki da lantarki, da manyan batiran ajiye wutar sola. Ostireliya da Chile suna cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen haƙo shi, amma ƙasar Sin ce ke tace mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi, kuma wannan ya daɗe yana damun 'yan siyasar Amurka na manyan jam'iyyun biyu. Shekaru da dama, wuri ɗaya tak Amurka take samar da litiyam, wato Silver Peak, a wannan gunduma ta Esmeralda, inda tun shekarun 1960 ake zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi a manyan tafkuna. Boron kuwa ana amfani da shi wajen yin gilashi mai jure zafi, da taki, da sabulu, kuma kasuwarsa tana hannun Turkiyya da wata babbar mahaƙa a Kalifoniya.

Ioneer ya ce Rhyolite Ridge za ta riƙa samar da litiyam da zai ishi motocin lantarki kimanin 370,000 a kowace shekara. Samun boron a rami ɗaya yana da muhimmanci ga lissafin kamfanin, domin kuɗin da za a samu daga gare shi zai rage tsadar fitar da litiyam ɗin. Tsarin ya ƙunshi buɗaɗɗen rami mai zurfin da ya kusa mita 300, da wuraren jibge ƙasar da aka kwashe, da masana'antar haɗa asid ɗin farar wuta, wato irin ruwan batir, wanda da shi za a narkar da ma'adinin daga dutse, kuma zafin da masana'antar ke fitarwa ne zai ba wa wurin wutar lantarki. Kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar sayarwa da Ford, da wani kamfanin batir na haɗin gwiwar Toyota da Panasonic, da EcoPro na Koriya ta Kudu.

Ɓarnar 2020

A watan Oktoba na 2019 ƙungiyar kare muhalli mai suna Center for Biological Diversity ta shigar da buƙata a hukumance cewa a ba tsiron kariyar dokar tarayya. Ƙiyasin da aka yi a shekarar ya nuna akwai tushe kusan 44,000. Ana cikin nazarin buƙatar, a watan Satumba na 2020, masu zagayen duba wurin suka tarar da ramuka birjik inda tsirrai suke a da, an tumɓuke dubbai, an yanke saiwoyin wasu, an bar ganyen yana bushewa a rana. Ƙiyasin farko ya ce tushe kimanin 17,000 abin ya shafa, kuma ƙidayar da aka yi ɗaya bayan ɗaya a 2021 ta samu ƙasa da 16,000 da rai. Ko da yake hanyoyin ƙirgar biyu sun bambanta, babu mai musun cewa kaso mai yawa na nau'in ya salwanta cikin 'yan makonni.

Kan musabbabin ne aka kai ruwa rana. Ƙungiyar kare muhallin da masanan da ke tare da ita sun ce siffar ramukan ta yi kama da aikin shebur ko ƙaramar fartanya, suna zargin hannun mutum. Hukumomin gwamnati sun sa aka gwada ƙwayoyin gado da aka samu a jikin saiwoyin da aka ɓarnata, sakamakon ya nuna wani nau'in kurege mai farar jela da ke zaune a hamadar, kuma bayanin da aka bayar shi ne cewa fari ya tsananta a shekarar, dabbobin suna neman ruwa ne a cikin saiwa. Ba a kama kowa da laifi ba, kamfanin kuma ya nesanta kansa da abin. Ko wanne bayani mutum ya ɗauka, tasirin lamarin a kan shari'a ɗaya ne: ya nuna a aikace yadda nau'in da ke cunkushe a eka goma zai iya rasa fiye da rabinsa a lokaci guda. Bayan kotu ta matsa wa Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta yanke shawara, ta gabatar da ƙudurin kariyar a 2021, ta tabbatar da shi a ƙarshen 2022.

Abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba

A nan ne yawancin ruɗanin yake. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a Disamban 1973, tana cikin dokokin muhalli mafi ƙarfi a duniya, amma ba ta ce duk inda aka samu irin wannan halitta an haramta aiki ba. Abin da sashenta na bakwai ya tanada shi ne duk hukumar tarayya da za ta ba da izini ko kuɗi ga wani aiki, sai ta tuntuɓi Hukumar Kifi da Namun Daji, ta kuma tabbatar da abu biyu: aikin ba zai jefa ɗorewar nau'in cikin haɗari ba, kuma ba zai lalata muhimmin mazauninsa ta yadda zai daina amfanar nau'in ba. Hukumar Kifi da Namun Dajin takan rubuta hukuncinta a wata takarda ta ra'ayin masana. Idan ta ce akwai haɗari, sai a sauya tsari ko a dakata. Idan ta ce babu, aiki yana iya ci gaba ko da zai taɓa wani yanki na mazaunin.

Muhimmin mazauni shi ma kalma ce ta shari'a, ba gandun daji ne da aka kewaye aka hana shiga ba. Ga wannan tsiro an keɓe eka 910, kimanin hekta 368, wato ninki casa'in na filin da yake tsaye a kai. Dalilin faɗaɗawar shi ne ƙwari. Bincike ya nuna tsiron yana zuba iri sosai ne idan ƙudan zuma na daji, da ƙudaje, da zanzaro, da sauran ƙwari suka ɗauki ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, su kuma ƙwarin suna buƙatar wasu furanni da wuraren sheƙa a kewaye. Saboda haka aka ja layi mai nisan mita 500 daga kowane gungu.

Akwai kuma bambanci tsakanin dabba da tsiro a dokar. Kashe dabbar da ke cikin jerin laifi ne ko a gonar mutum ta kansa, amma kariyar tsiro ta fi ƙarfi ne a filin gwamnatin tarayya, inda aka haramta cire shi ko lalata shi da gangan. Bakwit ɗin Tiehm ya yi dace a wannan fannin, domin duk inda yake fili ne na tarayya ƙarƙashin Hukumar Kula da Filaye. Sai dai wannan filin yana ƙarƙashin wata tsohuwar doka, dokar haƙar ma'adinai ta 1872, wadda aka yi a zamanin da ake son jawo mutane su zauna a yammacin ƙasar, kuma ta ba mai neman ma'adini haƙƙi mai ƙarfi a filin gwamnati ba tare da biyan tarayya kason abin da ya haƙo ba. Jami'an Hukumar Filaye sun daɗe suna fassara ta da cewa ikonsu na ƙin amincewa da mahaƙa gaba ɗaya ƙanƙane ne, abin da suka fi iko a kai shi ne gindaya sharuɗɗa. Dokoki biyu da ke tsakaninsu shekara ɗari da ɗaya ne suka haɗu a kan wannan tudu.

Tarihi ya nuna dokar 1973 tana iya tsayar da babban aiki. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da madatsar ruwa ta Tellico a jihar Tennessee, wadda ta kusa kammaluwa, saboda wani ɗan ƙaramin kifi. Amma a shekarar da ta biyo baya majalisa ta cire madatsar daga ƙarƙashin dokar, aka ƙarasa ta. Ɓangarorin biyu a Nevada suna sane da wannan labari, kowa da rabin da ya fi so ya tuna.

Matsayin kamfani da na gwamnati

Tsarin farko na Ioneer ya nufi kwashe kaso mai yawa na tsirran a dasa su a wani wuri. Da ta bayyana cewa hakan ba zai wuce ba, kamfanin ya sake zana ramin da wuraren jibge ƙasa ta yadda, a faɗarsa, ba za a tumɓuke ko tushe ɗaya kai tsaye ba. Ya yi alkawarin shinge a kewayen gungun, da yayyafa ruwa don kwantar da ƙura, da sa ido kan ƙwari, da yaƙi da baƙuwar ciyawar da ke mamaye wuraren da aka tona, da gyara ƙasa bayan an gama aiki. Ya kuma gina gidan renon tsirrai inda yake tara iri yana shuka su, ya ɗauki nauyin bincike a Jami'ar Nevada da ke Reno. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce ɓarnar 2020 ta faru ne babu mahaƙa, don haka barin tsiron shi kaɗai ba kariya ba ce. Yana kuma nuni da cewa an ga tsiron ya fito a wasu wuraren da masu neman ma'adini na da suka tona, alamar cewa yana iya jure ɗan motsin ƙasa.

Hukumar Kifi da Namun Daji ta karɓi wannan tsari a 2024. Ta amince cewa aikin zai shafi eka 191 na muhimmin mazaunin, kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma ta yanke cewa da matakan da aka gindaya hakan bai kai matsayin jefa nau'in cikin haɗari ba. A kan wannan hukunci ne Hukumar Filaye ta dogara ta ba da izini, kuma ita ce mahaƙar litiyam ta farko da gwamnatin Joe Biden ta amince da ita. Jami'an gwamnatin sun gabatar da ita a matsayin shaida cewa ana iya samar da ma'adinan da sauyin makamashi ke buƙata ba tare da an sadaukar da halitta ba. Akwai kuma hujjar da magoya baya ke yawan kawowa, cewa ɗumamar yanayi da kanta barazana ce ga tsiron hamada irin wannan, kuma litiyam ɗin da ba a haƙa a Nevada ba za a haƙo shi ne a ƙasashen da dokokinsu ba su kai na Amurka tsauri ba.

Matsayin masu adawa

Mako guda bayan amincewar, ƙungiyoyi uku suka shigar da ƙara a kotun tarayya: Center for Biological Diversity, da Great Basin Resource Watch, da wata ƙungiyar kare haƙƙin ƙabilar Shoshone ta Yamma, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin yankin. Abin lura shi ne ba su ce suna adawa da motocin lantarki ko da haƙar litiyam a ko'ina ba. Abin da suka ce shi ne wannan wuri bai dace ba, kuma ƙirga tushen da ba a tumɓuke ba ma'auni ne na yaudara. A lissafinsu, bakin aikin zai matso har 'yan mitoci kaɗan daga wasu tsirran, manyan motoci za su riƙa kai-komo dare da rana, ƙura za ta kwanta a kan ganye da fure, fitilu da ƙarar nakiya za su kori ƙwari, kuma bangon rami mai irin wannan zurfi yana iya zaftarewa da gungun da ke bakinsa. Tsiron da ya rage a tsibiri tsakanin rami da tulin ƙasa, in ji su, yana iya shekara da shekaru yana fure alhali ya daina haihuwa.

Suna kuma tuna wa Hukumar Kifi da Namun Daji kalamanta na 2022, lokacin da ta bayyana haƙar ma'adinai a matsayin babbar barazana ga tsiron, ta ce eka 910 ɗin duka wajibi ne ga rayuwarsa. Tambayar da suka kai gaban alƙali ita ce me ya sauya a ilimi cikin shekara biyu har rasa kashi ɗaya cikin biyar na wannan fili ya zama abin jurewa. Suna kafa hujja da abin da ya faru a Janairun 2023, lokacin da Hukumar Filaye ta tuhumi kamfanin da ajiye kayan aikin haƙa a cikin mazaunin da aka keɓe ba tare da izini ba, abin da kamfanin ya amsa ya kuma kwashe kayan. A wurinsu wannan ya nuna cewa alkawarin takarda yana buƙatar mai gadi, a wurin da ke da nisan gaske daga kowane ofishi.

Ga 'yan ƙabilar Shoshone kuwa, maganar ta wuce tsiro. Akwai wata maɓuɓɓuga a kusa da wurin mai suna Cave Spring da suke ɗauka da tsarki, kuma suna tsoron zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa don busar da ramin zai taɓa ta da sauran idanun ruwan da dabbobin daji ke sha.

Ko ana iya dasa shi a wani wuri

Wannan ita ce tambayar kimiyya da komai ya rataya a kanta, kuma a nan shaidar da ake da ita ta fi karkata ga taka-tsantsan. Binciken jami'ar Reno, wanda kamfanin da kansa ya biya kuɗinsa, ya gwada shuka irin a ƙasa daban-daban, ya samu cewa tsiron ya fi kyau a irin ƙasarsa ta asali, kuma wuraren da ke kusa waɗanda a ido suke kama da ita ba su dace da shi yadda aka zata ba. 'Ya'yan shukar da aka rena aka kai fili a 2020 kuma dabbobi sun cinye su kafin a ga ƙarshen gwajin. Hukumar Kifi da Namun Daji ta yi la'akari da wannan sakamako lokacin da ta ba da kariyar.

Masana kiyaye halittu suna bambanta hanya biyu: kiyayewa a mazauni, da kiyayewa a wajensa, kamar rumbun iri ko gidan reno. Hanya ta biyu tana da amfani ƙwarai a matsayin ajiya don ranar masifa, kuma babu mai hankalin da zai ƙi ta ga nau'in da ya taɓa rasa rabinsa cikin wata guda. Amma manomi ya san bambancin irin da ke rumbu da gonar da ke ba da amfani kowace shekara. Tsiron da ke cikin tukunya ana ba shi ruwa da hannu ya rabu da ƙwarin da ke yi masa barbara, da ƙananan halittun ƙasar da saiwarsa ta saba da su, da wahalar da ta siffanta shi tun asali. Manufar dokar 1973, kamar yadda aka rubuta a farkonta, ita ce kiyaye muhallin da halittun suka dogara da shi, abin da ya sa nasarar gidan reno ita kaɗai ba ta warware shari'ar.

Mutanen yankin da lissafin kuɗi

Gundumar Esmeralda tana cikin mafi ƙarancin jama'a a Amurka. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 729 a cikinta, alhali hedikwatarta, Goldfield, ta taɓa zama gari mafi girma a Nevada a farkon ƙarni na ashirin lokacin da zinariya ke tashe. A irin wannan wuri, alkawarin ayyuka kimanin 500 lokacin gini da 350 lokacin aiki, da harajin da zai shiga asusun gunduma, ba ƙaramin abu ba ne, kuma shugabannin yankin da 'yan majalisar jihar daga jam'iyyun biyu sun goyi bayan aikin. Manoman kwarin Fish Lake da ke kusa da wurin, masu noman ciyawar dabbobi da ruwan rijiyoyin burtsatse, su damuwarsu ruwa ce. Kamfanin ya ce zai yi amfani da haƙƙin ruwan da gonaki ke da shi tun da, ba zai ƙara yawan abin da ake zuƙa ba, wanda ke nufin wasu gonakin za su daina noma domin ruwan ya koma masana'anta.

Izini kuma ba shi ne rami ba. Farashin litiyam ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, sannan ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari a shekaru biyun da suka biyo baya saboda yawan wanda aka fitar kasuwa. Kamfanin Sibanye-Stillwater na Afirka ta Kudu, wanda a 2021 ya amince zai zuba dala miliyan 490 ya mallaki rabin aikin, ya janye a Fabrairun 2025. Wannan yana da tasiri a kan tsiron ta fuska biyu masu karo da juna: jinkirin aiki yana ba shi sarari, amma shinge da gidan reno da masu sa ido duk daga aljihun kamfanin ake biyansu, kuma tarihin Nevada cike yake da mahaƙun da aka fara aka watsar lokacin da farashi ya karye.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba zai ga tasirin wannan mahaƙa ɗaya a farashin batirin solarsa ba, domin kasuwar ta fi ƙarfin rami guda. Alaƙar da ke akwai ta wata fuska ce. Buƙatar da ta kai masu haƙa tudun Nevada ita ce ta kai su Nasarawa da Kogi da Kwara da Kaduna, kuma a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa. Najeriya tana da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992. Abin da ya ba bakwit ɗin Tiehm damar shiga kotu tun farko shi ne wani masani ya taka wurin a 1983 ya ɗebi samfuri, aka ba shi suna, aka ƙirga shi, aka zana taswirarsa. Takardar tantance muhalli ba ta iya ambaton tsiron da ba a taɓa rubuta shi ba, kuma a wuraren da ake haƙa ba bisa ƙa'ida ba, ko takardar ma babu.

Yadda za a gane wanda ya yi daidai

Wahalar auna sakamako tana cikin halin tsiron da kansa. Tsirran hamada masu daɗewa ba sa samun sababbin 'ya'ya kowace shekara, sai shekarar da ruwa ya sauka a kan kari, iri ya tsira, ƙananan suka tsallake rani na farko. Saboda haka ƙirga manyan tushe zai iya nuna adadi bai motsa ba na tsawon shekaru, ko da zuba iri ya ragu. Ma'aunan da za su fi faɗin gaskiya su ne yawan ƙwarin da ke ziyartar fure a gungun da ke kusa da rami idan aka kwatanta da na nesa, da yawan irin da kowane dunƙulen fure ke bayarwa, da kaurin ƙurar da ke kwanciya a ganye, da adadin ƙananan tsirran da suka kai shekara biyu ko uku.

Dokar ta tanadi cewa idan sabon bayani ya nuna aiki yana cutar da nau'in fiye da yadda aka yi hasashe, dole hukumomin su sake buɗe tuntuɓar, kuma ana iya ƙara sharuɗɗa ko sauya tsari. Amfanin wannan tanadi ya dogara da wanda ke tattara bayanan, da ko ana fitar da su ga jama'a da masana masu zaman kansu, da kuma matakin da aka amince tun farko cewa idan an kai shi za a tsayar da injina. Zai kuma yi wuya a raba laifin mahaƙa da na fari ko na kurege idan adadi ya faɗi, tunda duk ukun suna iya aukuwa a shekara ɗaya, kuma gungun da za a yi kwatanci da su takwas ne kacal, dukansu a cikin tazarar da mutum zai taka da ƙafa a yini guda.